Ƙarfen Huda Mai Bu Huɗu

Jirgin bikin ƙauyen Tobiura ya yi minti goma sha tara a kan ruwa kafin a jawo shi gaɓa da igiya. Ruwan da ya shiga cikinsa ya kai ƙaurin mutum. Ba wanda ya ji ciwo. Mutum shida ne a ciki, ƙaraminsu yana da shekara sittin da uku, kuma dukansu sun iya iyo tun kafin su iya karatu.

Abin ya faru da hantsin Asabar, takwas ga watan Yuni, a gaban rumfar gyaran jirage ta gidan Kuramitsu, saura mako biyar bikin teku. Wanda ya gyara jirgin shi ne Kuramitsu Shigeharu, ɗan marigayi Genzo, kafintan jirage na ƙarshe a wannan gaɓa. Yana tsaye a kan duwatsu lokacin da aka jawo jirgin. Waɗanda ke wurin sun ce shi ma ya taya jan igiya.

Shigeharu ya bar Tobiura yana ɗan shekara goma sha takwas. Ya yi shekara arba'in da huɗu a wata masana'anta a Osaka da ke yin noti da ƙusoshin inji, ya fara da share ƙurar ƙarfe ya ƙare yana duba aikin wasu. A masana'antar an san shi da cewa ba ya gardama da baki, ma'auni yake ɗaukowa. Ya yi ritaya a shekarar da mahaifinsa ya rasu, amma sai bayan shekara biyu ya dawo gida, lokacin da yayarsa Tomie ta buga masa waya ta faɗa masa abin da kwamitin ƙauye ya yanke.

Gindin jirgin bikin ya ruɓe. Biki biyu ke nan ana ɗaukar akwatin Mai Teku, abin bautar ƙauyen, a bayan akori-kurar Hoshiai, shugaban kwamiti, a zaga da shi bakin tashar jiragen ruwa a dawo, maimakon a fita da shi cikin ruwa. Kwamiti ya ce idan aka yi na uku a haka, za a soke fita teku daga tsarin biki har abada, a sassare jirgin a share rumfar. Mutum hamsin da takwas suka rage a ƙauyen. Ba wanda ya yi musu.

"Akwai katako," Shigeharu ya ce a waya. "Baba ya ajiye."

"Katako dai akwai. Mai aikin ne babu."

"Kayan aikinsa fa?"

"Suna nan inda ya bar su. Shige, kai da ko kujera ba ka taɓa haɗawa ba?"

Ya iso a watan Fabrairu.

Akwatin kayan aikin yana ƙarƙashin bencin rumfa, an rufe shi da tsohon tamfol. Tomie ce ta kawo mabuɗi. Da suka ɗaga murfin sai warin tsatsa da gishiri ya buge su. Shekara uku iskar teku tana shiga ta tsagin katako. Zartuna sun manne da juna. Gizago ya yi ja kamar an tsoma shi a jar ƙasa.

Shigeharu ya shimfiɗa jarida ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Guda sittin da ɗaya ne. Ya san sunan kusan ashirin. Sauran ya gan su a hannun mahaifinsa yana yaro, amma Genzo ba ya kiran kayan aiki da suna. Hannu yake miƙawa, in ka ba shi wanda ba shi ba, ya ajiye ya ɗauko da kansa, bai ce maka komai ba. Haka ya koya, haka kuma ya so ya koyar, kuma wannan na daga cikin abin da ya kai Shigeharu Osaka.

"Wannan fa na mene ne?" Ya ɗaga wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki.

"Ni da nake kai masa shinkafa kawai?" in ji Tomie. "Ka tambayi Kawu Tokuji."

Tokuji ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a ƙarƙashin Genzo kafin jiragen roba su zo su mai da shi masunci. Yanzu shekarunsa tamanin da takwas, kuma a wannan lokacin yana kwance a asibitin birni da karayar ƙugu. Shigeharu ya buga masa waya sau biyu. Tsohon ba ya ji sosai. A karo na biyu ya ɗauka likita ne, ya yi ta ƙorafi a kan miyar asibiti.

Don haka Shigeharu ya yi abin da ya iya. Ya sayi farin kati, ya ba kowane ƙarfe lamba, ya rubuta tsawo da kauri da nauyi. Ya jiƙa su a ruwan tsami, ya goge da buroshin waya, ya wanke, ya shafa mai. Waɗanda bai san aikinsu ba ya gwada su a kan tsofaffin katakan da ya ɓamɓaro daga jirgin, yana neman tabon da ya dace da bakin kowanne. Ta haka ya gano mai lanƙwasasshen bakin nan na cusa ɓawon itace ne a tsakanin katako da katako. Ranar da ya gano, ya je gidan Tomie ya ci shinkafa kwano biyu.

A ƙasan akwatin, cikin jakar zane, akwai ƙarafan huda guda bakwai, irin masu murɗaɗɗen jiki da ake juyawa da hannu biyu. A kan ƙotar kowanne Genzo ya ƙona lamba da ƙarfe mai zafi: bu biyu, bu uku, bu huɗu, har zuwa bu takwas.

Wannan kalma ce da Shigeharu bai buƙaci kowa ya fassara masa ba. Ya yi shekara arba'in da huɗu yana faɗinta sau ɗari a rana. A masana'anta ba wanda ke cewa rabin inci, bu huɗu ake cewa. An raba inci gida takwas, kowane gida bu ɗaya. Bu huɗu milimita goma sha biyu da ɗigo bakwai ne, ya san wannan kamar yadda ya san lambar gidansa.

Ya sa ma'auni a bakin mai bu huɗu. Goma sha biyu da ɗigo ɗaya.

Ya auna sauran. Duk bakwai ɗin sun gaza. Ƙaramin ya gaza da ɗigo uku, babban da milimita ɗaya da ɗigo biyu, na tsakiya kowanne gwargwadon girmansa. Ya rubuta a kan kati: tsatsa da yawan wasawa sun cinye. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi tsatsa ta iya lissafi ba.

Ya kai su birni, shagon wani mai walda da ya yarda ya ba shi aron wuri. Mako uku ya yi yana ƙara ƙarfe a gefen kowanne, yana fiƙewa, yana aunawa. Aiki ne mai wuya, kuma ya yi shi da kyau. Da ya gama, kowanne ya cika awonsa ba ragi ba ƙari, suna sheƙi.

Tomie ta juya ɗaya a hannu. "Kamar na kanti."

"Haka suke tun asali, Yaya. Ke dai kin saba ganinsu da datti ne."

"To, Injiniya."

Katakan suna saman rumfa, guda shida, kowanne mita goma sha ɗaya, na itacen sugi da Genzo ya saro a tudun bayan ƙauye shekara ashirin da suka wuce ya jera su bushe. A tudun ba a bar irin wannan tsawon ba. Ƙusoshin kuma suna cikin wani ƙaramin baho na katako, an naɗe su goma-goma a takarda mai mai. Zagayayyu ne, ƙirar hannu, guda ɗari da tamanin, ko ɗigon tsatsa babu. Maƙerin da ya yi su ya mutu tun Shigeharu yana Osaka, inda maƙerarsa take yanzu wurin ajiye motoci ne.

A jikin bangon rumfa, kusa da zanen jirgin, Genzo ya rubuta da tawada: ramin gindi, bu huɗu.

A watan Afrilu tsofaffin masunta huɗu suka taya shi sauko da katakan, suka gasa su a kan wuta suka lanƙwasa yadda suka taɓa gani ana yi. Sai huda. A masana'anta ba a barin aiki ɗaya a kama wani sai an gama shi a kan kaya duka, haka ya fi sauri, haka kuma ramuka ke fitowa daidai da juna. Shigeharu ya sa alama, ya huda ramuka ɗari da sittin da takwas cikin kwana huɗu. Ƙarfen yana cin katako kamar ana yanka doya.

Rana ta biyar ya ɗauko ƙusa ta farko. Ya sa ta a rami, ya ɗaga guduma. Bugu uku ta nutse.

Ya tsaya da gudumar a hannu. Yana yaro, idan mahaifinsa na buga ƙusar gindi, ana jin ƙarar har makaranta a ɗaya gefen tasha, kuma shi da abokansa suna ƙirgawa a aji. Ba ta taɓa kasa bugu ashirin ba.

Ya zaro ƙusar da yatsu. Ya auna. Goma sha biyu da ɗigo biyar. Ya warware wani ƙunshin ya auna, ya warware wani. Duk haka suke. Ƙusar da ya kamata ta fi raminta kauri, ramin ne ya fi ta.

Ya daɗe a zaune a kan benci. Abin da ya yanke shi ne maƙerin ƙauye bai da ma'aunin kirki. Ya naɗe kowace ƙusa da zaren ɓawon itace, ya shafa gam, ya buga. Sun zauna, a ido dai. Da Hoshiai ya leƙo ya tambayi yadda aiki ke tafiya, ya ce lafiya lau. Bai faɗa wa Tomie ba.

Teku kuwa ta gwada aikin a minti goma sha tara. Da jirgin ya fara hawa igiyar ruwa yana sauka, katakan suka soma motsi a kan ƙusoshinsu, haɗin ya buɗe daga gaba zuwa baya.

Ranar Litinin Tomie ta turo Tokuji cikin keken marasa lafiya har cikin rumfa. Kwanansa uku da sallama. Ya rame, wandonsa na asibiti ne, amma muryar tana nan.

"Ɗan Osaka! An ce ka yi wa Mai Teku bahon wanka."

"Sannu da jiki, Kawu."

"Me ka ce?"

"Na ce sannu da jiki!"

"Jiki ya tafi, bar shi. Tomie, matsar da ni, ba kallon bango na zo ba."

Ta tura shi gefen jirgin, wanda aka kifa a kan gungume. Ya bi haɗin katakon da tafin hannu. Ya kama kan wata ƙusa da farce ya girgiza, ta motsa. Ya ja, ta fito da zaren ɓawo a jikinta. Ya dubi zaren, ya dubi Shigeharu.

"Ka sa mata zane don kada ta ji sanyi?"

Tokuji ya ajiye ƙusar a kan cinyarsa.

"Da me ka huda?"

Shigeharu ya kawo masa mai bu huɗu. Tokuji bai kalle shi ba, ya rufe ido ya bi bakin da babban yatsa.

"Wannan na wa ne?"

"Na Baba."

"Ƙotar dai ta Maigida ce. Wannan ƙarfen ban san shi ba. Shekara ashirin da biyu yana hannuna, ko a mafarki aka miƙo mini zan gane shi."

"Na cike shi ne, Kawu. Ya zaizaye. Duka bakwai ɗin sun gaza awo, na mai da su yadda suke."

"Awon wa?"

"Bu huɗu. Goma sha biyu da ɗigo bakwai."

"Ni ban san ɗigo ba. Tomie, ga ma'aunin Maigida can a rataye, mai kusurwa. Miƙo."

Ma'aunin yana bayan ƙofa a kan ƙusa. Ba ya cikin akwati, don haka bai samu kati ba. Tokuji ya goge shi da hannun riga, ya ɗora bakin ƙarfen a kan zanen.

"Idona ya mutu. Karanta."

Shigeharu ya sunkuya. Bakin ƙarfen ya rufe zane huɗu, ya wuce su da ɗan kaɗan.

"Ya wuce," ya ce.

"Me?"

"Ya wuce, Kawu!"

"To. Naku bu ɗin na masu inji ne, incin Bature kuka yanka kuka sa masa sunan namu. Namu yana nan tun kafin a kawo inci ƙasar nan. Suna ɗaya, uwa daban. Duk yaron da ya kwana bakwai a rumfar kafinta ya san haka."

Shigeharu ma ya sani. An koya musu a aji huɗu, tsohon awo da sabo, bu ɗaya milimita uku da ɗan ɗoriya. Ya ninka sau huɗu a kansa, ya samu goma sha biyu da ɗigo ɗaya. Ƙarafan ba su rasa komai ba. Shekara sittin mahaifinsa yana wasa bakinsu ba tare da ya taɓa gefensu ba, kuma tsatsar shekara uku ba ta wuce fata ba.

"Ana iya fiƙe su su koma?" Tomie ta tambaya.

Shigeharu ne ya amsa, don wannan fanninsa ne. "A'a. Zafin walda ya kashe ƙarfin ƙarfen. Asalin bakin kuma na fiƙe shi tun kafin in ƙara sabo."

"Duka bakwai?"

"Duka."

Ta gyara wa Tokuji bargon da ke kan gwiwarsa, ko da yake bai zame ba. "Kati sittin da ɗaya ka rubuta," ta ce. "Asibitin awa ɗaya ne a bas."

"Na buga waya."

"Ka buga wa kurma waya."

"Ina jin ku fa," in ji Tokuji. "In dai zagina ake yi, kunnen yana aiki."

Shigeharu ya tambaye shi ko za a iya toshe ramukan a huda sababbi. Tokuji ya ce haƙarƙarin jirgi ne ke faɗin inda rami zai zauna, kuma ba wuri a gefen toshi. Sabon katako fa? Ya ce a saro yau a dawo bayan shekara goma, in akwai wanda ya rage a ƙauyen. Abu ɗaya ya saura: ƙusa mai kauri, wadda za ta fi sabon ramin kamar yadda tsohuwar ta fi na asali.

"Amma Maigida ya bar gefen katako daidai bu huɗu ne, bai bar sarari don wautar kowa ba. Mai kauri tana iya riƙewa. Tana kuma iya tsaga shi, in kuwa sugi busasshe ya tsage daga gefe, bin jijiya yake yi har ƙarshe."

"Ta yaya za a sani?"

"A buga."

"Ba a gwada a kan guntu?"

"Guntu ba a gasa shi an lanƙwasa ba. Zai yi maka ƙarya."

Shigeharu ya je gidan Hoshiai da yamma ya faɗi komai, har da zaren ɓawo da gam. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai ƙasa. Hoshiai ya ce ya tashi, ya ce kowa ya ga wahalar da ya sha, ya zuba masa shayi. Ya ce bikin bana dai a akori-kura za a yi, wannan ba makawa. Game da ƙara wa jirgin shekara ɗaya kuwa, kwamiti zai zauna ranar Lahadi, ashirin da uku ga wata.

"Za mu duba," ya ce.

Shigeharu ya girma a Tobiura, ya san abin da ake nufi idan aka ce za a duba. Amma a bakin ƙofa Hoshiai ya ƙara da cewa in da akwai abin da za a nuna wa mutane da ido, ko da ƙusa ɗaya ce da ta zauna, shi ba zai hana a yi magana ba.

Kwana huɗu yana buga waya kafin ya samu maƙerin da har yanzu ke ƙera ƙusa da hannu, kilomita ɗari uku kudu, mai shekara tamanin da ɗaya, yana yi wa masu gyaran tsofaffin wuraren bauta aiki. Mutumin ya saurari bayanin duka, ya tambaya wane bu ake nufi, ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce ɗari da sittin da takwas sai ƙarshen kaka, in kafaɗarsa ta yarda. Ɗaya dai zai aiko a gwada.

Ta iso ranar Alhamis, ashirin ga wata, a cikin kwalin alewa. Shigeharu ya auna: goma sha uku da ɗigo ɗaya. Ya ɗora ta a kan ma'aunin mahaifinsa ma. A ranar ne kuma 'yar Tokuji ta zo daga birni ta tafi da shi gidanta, don ya faɗi a banɗaki. Ba a sa ranar dawowarsa ba.

Ranar Juma'a Tomie ta kawo abinci rumfa ta tarar ya zare tsohuwar ƙusa daga rami na farko na katakon hagu, ya share gam, ya tsayar da sabuwar a bakin ramin. Gudumar tana kan benci.

"Me kake jira?"

"Katakon bai gama bushewa ba."

"Kwana goma sha uku yana kife. Shige, ni za ka yi wa wannan?"

Ya buɗe ƙunshin abincin ya dubi kifin. "In ta tsage, Yaya, mita goma sha ɗaya ne. Ba jirgi ke nan, ko kwamiti ya ba da shekara goma."

"In ba ka buga ba fa?"

"Jibi su soke."

"To ai ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

Ta ce ya dawo mata da kwanon a wanke, ta fita.

Hoshiai ya buga waya ranar Asabar da rana ya tambaya ko akwai abin da zai sa a takardar zama. Shigeharu ya ce zai sanar da shi. An sa zaman ƙarfe goma na safiyar Lahadi a ɗakin taron masunta. Membobi bakwai ne, biyu sun aiko cewa ba su da lafiya.

Da ƙarfe biyar na yammacin Asabar, lokacin da Tomie ta wuce ta gaban rumfar za ta gida, ƙofar tana buɗe. Ƙusar tana tsaye a bakin ramin, ta shiga tsawon gaɓar yatsa ɗaya, iyakar inda hannu ke iya tura ta.